Motar da Ke Ɗauke da Sunana

Raman, Yala
4 ga Nuwamba, 2012

Ɗana Ruslan,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa, ina fatan kana lafiya, kana kuma tsayar da sallolinka a kan lokaci, don na san aikin kamfani yana cinye La'asar idan mutum bai tashi tsaye ba. Mu nan alhamdulillahi. Babanka jiki da sauƙi, sai dai zuwa wankin ƙoda Litinin da Alhamis yana gajiyar da shi. Har yanzu maƙwabcinmu Bae So ne ke goya shi a babur zuwa asibitin Yala. Idan an gama wankin jiri ke ɗibarsa, don haka da zanina ake ɗaure shi a bayan Bae So kamar jariri. Damina ta shigo. Ran Alhamis a jiƙe suka dawo, ya kwana biyu yana tari.

Takardun da ka aiko na sa musu hannu, ga su nan tare da kwafin katina na ɗan ƙasa da na rajistar gida. Kwana uku na yi ina karanta su kafin in ɗora biro. Ka ce a waya in yi sauri, ƙarshen shekara za a rufe. Abin da ya sa ba na son waya ke nan. Maganar waya iska ce. Wadda aka rubuta ita ake ɗaukowa gobe a ce ga abin da ka faɗa. Saboda haka a rubuce nake son amsarka.

Ba zan ɓoye maka ba, tsarin nan bai kwanta mini ba. Tun muna firamare aka koya mana mai hankali tarawa yake yi kafin ya kashe. Yau ga gwamnati da bakinta tana cewa a fito a kashe, wanda ya sayi motarsa ta farko za ta mayar masa da haraji. A ƙauyen nan gida shida sun rubuta suna, har da masu tara kwano a tsakar ɗaki idan ana ruwa. Kilon ƙaron roba da muke tsagowa a gona kuwa kullum ƙasa yake yi. Wace uwa ce za ta ga ɗanta da 'yan canji ta ce maza je ka kashe, zan cika maka?

Amma ka ce tunda ka taɓa mallakar tsohuwar motar nan ba ka cikin masu rabo, ni kuwa ko keke ban taɓa saya ba, shi ya sa za a sa sunana. Na zauna na tambayi kaina ko wannan ba wayo ba ne. Na ga idan motar a ƙofar gidan nan za ta kwana, babanka za ta riƙa ɗauka, to tawa ce da gaske, babu ƙarya a takardar. A kan wannan na sa hannu, ba a kan wani abu ba. Shekara goma sha tara ina koyar da yara a Islamiyyar masallaci, babu iyayen da suka taɓa jin sunana, Rokiyo, a inda bai dace ba.

Tambayoyina biyu ne. Akwai kuɗin ruwa a ciki? Kuma yaushe za ta zo?

Bat dubu goma sha biyar da ka turo sun iso. Ka ce na ƙarin lokaci ne. Allah ya yi albarka, amma kada ka kashe kanka da aiki. Na sa maka budu, romon kifin nan da muke tsimawa, kwalba ɗaya a saƙon, ka rufe da kyau kada abokan ɗakinka su sake korarka saboda wari.

Mahaifiyarka

Rayong
19 ga Nuwamba, 2012

Mak,

Wa alaikumus salam. Lafiyata ƙalau, ina sallah. A gaida Baba da jiki. Budu ya iso, abokan ɗaki sun ce ko dai ni ko kwalbar, na ce su zaɓi kwalbar, ta fi ni amfani.

Mak, ke komai sai kin yi masa wa'azi. Bara da ambaliya ta cinye masana'antu, watanni muna zaune rabin albashi, an sallami mutum ɗari biyu a ɓangarenmu. Yanzu saboda tsarin nan dare da rana muke buga ƙarafunan mota ba mu isa ba. Idan na samu, mai shinkafar bakin ƙofa ta samu, mai gidan haya ya samu, ku ma kun samu. Kuɗi idan ya kwanta a ƙarƙashin katifa ba ya ciyar da kowa.

Babu kuɗin ruwa, kuɗi hannu ne. Tarin shekara takwas da adashi da kuɗin tsohuwar mota. A-kori-kura ce fara mai ƙofa huɗu, Baba zai iya kwanciya a kujerar baya, Bae So ya iya tuƙi. Sai dai layi ya yi tsawo, duk ƙasar nan kowa mota yake jira, ki yi haƙuri. Ina sa ran ƙaramar Sallah ni zan tuƙo ta da kaina.

Kuɗin harajin kuma ba yanzu ba ne. Sai an yi shekara cif da karɓar mota gwamnati ke zuba shi a littafin bankin mai sunan. Kuma shekara biyar ba a sayarwa, ba a sauya suna. Kin ga ko na so ba zan iya ƙwace miki ba.

Ɗanki,
Ruslan

Raman, Yala
21 ga Afrilu, 2013

Ruslan,

Assalamu alaikum. Ina fatan lafiya ce ta hana ka rubutu ba akasinta ba. Wannan ita ce wasiƙa ta uku tun Janairu. Kiran minti biyu ranar Juma'a ba amsa ba ne. Ɗan da ke da lokacin cin abinci yana da lokacin rubuta wa uwarsa layi biyar.

Babanka yana nan. Ƙafafun sun kumbura a watan jiya, yanzu kumburin ya sauka. Bishiyoyin roba sun zubar da ganye, mun ajiye wuƙar tsaga sai an yi ruwa.

Mun gama rumfar mota. Babanka ne ya matsa. Ya ce sabuwar mota ba ta kwana a rana kamar akuya. Ya sa Bae So ya auno motar mai garin, shi kuma ya fito da sandarsa yana gwada fili, taku bakwai a tsaye, huɗu a kwance. Wurin bai isa ba sai an sare duriyan ɗin gefen rijiya. Na ce a'a, bishiyar da ke ba mu 'ya'ya sittin a shekara? Ya ce, "Rokiyo, duriyan ba ta kai mutum asibiti." Aka sare. Kuɗin da ka turo a Nuwamba da su na sayi kwanon rufi da siminti, ban taɓa ko bat ɗaya a wani abu ba.

Yanzu kullum bayan La'asar can yake zama a kan benci, yana gaya wa duk mai wucewa cewa fara ce, ƙofa huɗu. Har ya fara rabon kujeru. Ya yi wa gwauruwar nan ta bayan masallaci alkawarin za a riƙa rage mata hanya ranar da take karɓar magani.

Gida biyar cikin shidan nan motocinsu sun zo. Ɗaya ma har an zo an ɗauke ta, sun kasa biyan wata-wata, abin da na faɗa tun farko. Jiya a kasuwa Kak Timo, mai sayar da kifi, ta ce mini a gaban mutane, "Malama, motar taku da ƙafa take tahowa daga Rayong? A aika mata takalmi mana." Na ce mata ɗana ba ya cin bashi, shi ya sa ba ya gaggawa. Aka yi mata dariya. Na tsaya maka a kasuwa, Ruslan. Ka gaya mini lamba ta nawa muke a layin.

Mahaifiyarka

Rayong
8 ga Disamba, 2013

Mak,

Assalamu alaikum. Ina lafiya, ina fatan Baba yana samun sauƙi. Ki yafe mini rashin zuwa Sallah duka biyun, na gaya miki a waya ba a ba mu hutu ba. Yanzu ma aiki ya ja baya, an yanke ƙarin lokaci, ana maganar rage mutane, ba lokacin neman hutu ba ne.

Mota har yanzu ana kan layi.

Akwai wata 'yar magana. Cikin kwanakin nan wasu kuɗi za su shigo littafinki, wajen dubu tamanin da huɗu. Kada ki taɓa, kada ki gaya wa Baba. Ki je banki ki turo su lambar da na rubuta a bayan takardar nan, zan yi miki bayani in mun haɗu. Don Allah kada ya wuce sati.

Ruslan

Raman, Yala
17 ga Disamba, 2013

Ruslan,

Assalamu alaikum. Babanka yana nan da rai. Ruwa ya cika hanya, ran Litinin sai da aka bi ta bayan gari, awa biyu a kan babur.

Kuɗin sun shigo, na gani a littafi. Ban taɓa ba, ban kuma tura ba.

Wasiƙunka suna cikin gwangwanin biskit, ba na yar da takarda. Na ɗauko ta Nuwamban bara na ajiye kusa da ta makon jiya. A ta bara ka rubuta da hannunka: sai an yi shekara cif da karɓar mota gwamnati ke zuba kuɗin. A ta bana ka ce mota tana kan layi, kuma kuɗi za su shigo. Ban yi jami'a ba, amma aji shida na gama, kuma ba a taɓa mayar da ni baya a lissafi ba. Idan kuɗin sun fito yau, motar ta fito tun bara war haka. Wato lokacin da muke sare duriyan tana kan titi. Lokacin da nake mayar wa Kak Timo magana tana kan titi.

Lambar da ka rubuta a baya ma ba sunanka ba ne a kanta. Wane ne Bunlat?

Abin da ka jawo mini ka ji shi. Jiya babanka ya ga na dawo daga banki, ya ce, "Wani labari daga yaron?" Na ce, "Layi ne, ya kusa." Shekara talatin da huɗu muna tare ban taɓa yi masa ƙarya ba, ko a kan kuɗin cefane. Jiya na yi, na kuma tashi na yi alwala na shiga aji na koya wa yara alamomin munafuki guda uku. Bakina ya yi nauyi a ta farko.

Kada ka kira ni. Na kashe wayar na sa a gwangwanin. Ka rubuto: ina motar, wa ke tuƙa ta, me take ɗauka.

Mahaifiyarka

Rayong
26 ga Disamba, 2013

Mak,

Na kira sau goma sha ɗaya. To ga shi a rubuce.

Bunlat shi ne shugaban ɓangarenmu. Yana da mota biyu, ba zai samu rangwamen ba, yana neman sunan wanda bai taɓa saya ba. Shi ya biya kuɗin motar duka, tana hannun matarsa, tana kasuwanci da ita. Ba ni kaɗai ba ne, Mak, mutum huɗu a layinmu sun ba da sunan iyayensu. Lokacin da ake sallamar mutane shi ya cire sunana daga takarda. Da ya tambaya ta yaya zan ce a'a?

Ya ba ni dubu ashirin. Biyar na riƙe, sha biyar na turo muku. Na ɗauka magani za ki saya. Wallahi niyyata in tara na ƙarin lokaci in sayi ko tsohuwa ce in kawo, in ce an canza launi. Sai aikin ya tsaya. Duk wanda zai sayi mota ya riga ya saya bara, yanzu ba mai saye. Da kika rubuto maganar rumfa na kasa amsawa, kwana uku ban ci abinci ba.

Ba wanda aka cuta. Kuɗin gwamnati ne, ita ta ce a zo a karɓa. Saura shekara huɗu a sauya suna shiru, ba wanda zai sani. Amma idan ba ki turo ba, sabuwar takardar sallama tana fitowa ƙarshen Janairu, kuma shi ke rubutawa. Kin fi kowa sanin wa ke biyan kuɗin man Bae So.

Ki yi mini faɗa yadda kike so in na zo. Yanzu dai ki tura.

Ɗanki,
Ruslan

Raman, Yala
12 ga Janairu, 2014

Ruslan,

Assalamu alaikum. Ina fatan kana lafiya. Ruwa ya janye. Babanka ya samu barci kwana biyun nan.

Ranar da wasiƙarka ta zo na kasa riƙewa. Na same shi a rumfa bayan La'asar, na zauna a ƙarshen bencin, na ce, "Ka yafe mini, na yi maka ƙarya. Babu mota." Na karanta masa duka, ban tsallake layi ba.

Ya cire hularsa, ya zaro wata takarda da ya ninke ya cusa a cikin naɗin, ta yi laushi da gumi. Takardar tara ce ta gudun wuce kima, irin wadda kyamarar kan hanya ke ɗauka, daga wani gari a Chonburi da ban taɓa takawa ba. Ga sunana a sama, ga lambar gidanmu. Ga hoton kuma: fara, ƙofa huɗu, yadda ka faɗa. An ɗora mata keji a baya. Aladu biyar na ƙirga.

Na ce, "Tun yaushe?"

Ya ce, "Sha biyu ga Azumi. Kina aji mai kawo wasiƙa ya zo."

"Kuma ka zauna wata shida a nan kana gaya wa mutane fara ce?"

"To ai fara ce," in ji shi. "Na ba Bae So ya biya tarar a gari. Na ce idan kika gani ba za ki yafe masa ba. Ni ciwon ƙoda nake, ke ciwon gaskiya kike, nawa ana wankewa."

Ka ce ba wanda aka cuta. Mutumin da ake ɗaurewa da zani a bayan babur ya biya tarar motar da bai taɓa gani ba, ya ɓoye hoton a kansa, yana sujada da shi. Ban ga laifin matar Bunlat ba, sana'arta ce, addininta bai hana ta ba. Ita ba ta san ni ba. Kai ka san ni.

Ran Talata na je ofishin haraji a Yala da littafin banki da takardun. Na gaya wa ma'aikaciyar cewa motar ba a hannuna take ba, ba ta taɓa zama ba, ina so in mayar da kuɗin in fita. Ta dube ni ta saman tabarau ta ce, "Mak, mutane layi suke yi su karɓa." Na ce na sani, ni na zo ne ta ɗaya ƙofar. Ta tambayi wanda ya haɗa abin. Na ce ni na sa hannu, da idona biyu, bayan kwana uku ina karantawa. Ban ambaci sunanka ba. Ban yi ƙarya ba, amma ban faɗi duka ba, kuma wannan ma zan amsa shi gaban Allah. Iyakar abin da zan iya yi maka ke nan.

An karɓi kuɗin, ga kwafin rasit. Ga kuma takardar sauya suna na sa hannu, ka kai wa ubangidanka ya ɗauki motarsa da sunansa. Rangwame babu. Na san abin da zai iya yi maka a ƙarshen wata, na yi kwanaki ina juya shi, kada ka ɗauka ban yi kuka ba. Amma shekara huɗu ba zan iya tsayawa gaban 'ya'yan mutane ina faɗin halal da haram ba alhali ina jiran mai kawo wasiƙa da tsoro. Kuɗin man Bae So kuwa na jinginar da 'yan kunnena, za su kai mu girbin shinkafa.

Kwanon rumfar mun cire. Da na gane da wane kuɗi na saye shi na kasa wucewa ta ƙarƙashinsa. Kak Timo ta saya za ta rufe wurin shanya kifi, ta taya da arha, ban yi ciniki ba. Da take lodawa ta buɗe baki za ta yi magana, ta kalli babanka, ta rufe. Abin da aka samu yana cikin ambulan, ka haɗa da biyar ɗinka ka mayar wa Bunlat, sauran ka cika da guminka.

Ginshiƙan huɗu babanka ya hana a tone. Ya ce siminti bai yi laifi ba. Har yanzu can yake zama, a rana, kusa da kututturen duriyan, da laima a hannu.

Ya ce in rubuta maka wannan yadda ya faɗa, ba tare da na ƙara wa'azi ba: idan an sallame ka ka taho gida, roba na neman mai tsaga, kuma bas tana tsayawa a mararraba, daga nan ƙafa ma tana kawo mutum.

Nasa saƙon ke nan. Ni idan ka zo zan dafa, zan zuba maka, ba zan kore ka ba. Amma kada ka sake kawo mini takarda in sa hannu, ko ta karɓar saƙo ce.

Rokiyo Deramae